Muryar da Yaya Hadiza ta hana a gyara

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da aka ɗauki Yaya Hadiza daga gidanmu na Tawa aka kai ta makwancinta. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan dafa abin sadaka, in kira yaran unguwa su ci, in yi mata addu'a, shi ke nan. Ban taɓa tunanin rubuta wani abu a kanta ba, don ita kanta ba ta son a yi ta ambatonta, ko hoto sai an kai ruwa rana take tsayawa. Jikarta Rakiya ce ta sa na ɗauki alƙalami bana. Tana karatu a wata jami'a a Faransa, sai ga kiranta a salula tana ta rawar jiki, wai ta shiga ajin 'yan farko na koyon harshen Biyetnam da al'adunsu, kuma tana so in faɗa mata duk abin da kakarta ta bari a wurina na wannan harshe. Na ce ta ba ni lokaci. Tun ranar nake juya maganar a raina.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce ina ruwan 'yar Adar da Biyetnam, to bari in koma baya. Yaya Hadiza ɗiyar wan babana ce, wanda duk gari ke kira Baba Sarjan. Faransawa sun ɗauke shi soja yana saurayi, suka kai shi yaƙi ƙasar da tsofaffin sojojinmu ke kira Andoshin, wato Biyetnam ta yau. Da Faransawa suka tattara nasu suka baro ƙasar, ya dawo gida da akwatin ƙarfe, da ɗingishi, da yarinya 'yar shekara huɗu ko biyar riƙe da gefen wandonsa. Uwar yarinyar ba ta zo ba. Abin da ya gaya wa kakarmu, Kaka Dije, shi ne hukumar soja ta yarda ya taho da ɗiya amma ba da uwa ba, kuma matar tana da tsofaffi da ba mai duba su sai ita. Daga nan bai ƙara ba, mu kuwa a gidanmu ba a tsare babba da irin wannan tambaya. Babu hoto, babu adireshi, sunan garin ma in ya faɗa ba mai iya maimaitawa.

Kaka Dije ta goya ta, aka yanka rago aka raɗa mata Hadiza, kafin damina biyu Adaranci ya zauna a bakinta fiye da nawa. Ta girme ni da shekara biyu. Tabarmarmu ɗaya, ƙwaryar furarmu ɗaya, in an aike ta ni ce a bayanta. Ban da idanunta, da gashinta mai santsi da ke ba masu kitso wahala, ba mai cewa ba a Adar aka binne cibiyarta ba. Yaran unguwa sukan tsokane ta da 'yar Andoshin, ita kuwa ba ta da wasa, ta sha kai wasu ƙasa a bakin rijiya har suka koyi ladabi.

Fuskar uwarta ta ɓace mata tun da wuri. Ta gaya mani ko ta rufe ido ta matsa, ba ta ganin komai sai farar riga da hannu. Murya ce kaɗai ta rage mata. Akwai 'yan kalmomi da ta iso da su, ba su da yawa, yatsun hannu da na ƙafa sun isa su ƙirga su, kuma duk lokacin da ta faɗe su a hankali sai ta ji su cikin kanta da muryar matar da ta haife ta. Da safe in muna daka, sai ka ga leɓenta na motsi tare da taɓarya. Kaka Dije ta ɗauka tasbihi take yi, har takan yi mani gori da ita, wai in dubi 'yar'uwata in koyi tsoron Allah.

Ni kaɗai ta koya wa. Bayan rumbu muke zama, ita ce malama, da tsumagiyar geza a hannu kamar mushe, wato malaminmu na lakwal, makarantar boko. Ma oi, haka ake kiran uwa. Kon oi, haka uwa ke kiran ɗiya. An kom, a ci shinkafa. Ngu ɗi, yi barci. Akwai na a ɗauke ni, akwai na yunwa, akwai na ciwo. Kowace da inda murya ke hawa da inda take karyewa, in na kuskure ko kaɗan sai in ji tsumagiya a ƙauri. Dalilinta ba ta ɓoye mani ba. Ta ce wata rana uwarta za ta zo, ko ita ta je, kuma ba ta so su tsaya suna kallon juna ba abin cewa. Ni kuma za ta tafi da ni in riƙe mata kaya, shi ya sa dole in iya.

Lokacin da nake ba ku labari ƙasa ba ta daɗe da samun mulkin kai ba. Tutar Faransa ta sauka daga ofishin kumandan, tamu ta hau, a lakwal an koya mana sabuwar waƙar ƙasa muna rerawa da ƙarfi ba mu san ma'anar rabinta ba. Ma'aikata na ta zuwa Tawa daga ko'ina. A cikinsu aka kawo wani anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, asibitin gari, mutumin bakin teku, shi ma tsohon soja. Kafin ya gama sauke kaya labari ya iso unguwarmu cewa matarsa irin su uwar Hadiza ce. Mai kawo mana nono daga Kalfu ce ta fara ganinta. Ta ce wata 'yar ƙaramar mata ce da baƙin wando da malafa mai tsini irin ta makiyaya, ta gan ta a kasuwa tana taya busasshen kifi kamar za a yi dambe.

Kwana da kwanaki Yaya ba ta ci abin kirki ba. Ta je ta nemi izinin Baba Sarjan, ya ce mu je, amma mu je da ladabi. Nan fa muka shiga shawara. A wurinmu ba a gaida babba da kalma ɗaya. Sai an durƙusa, a tambayi kwana, a tambayi gajiya, da gida, da yara, da baƙunta, da zafin gari, kowace da amsarta, in an kai ƙarshe a sake komawa farko. Muka ce ai ko'ina a duniya haka ne, kuma abin kunya ne mu je gaban mace babba mu yi mata gaisuwar wucewa. Tun da ba mu da kalmomin gaisuwa, sai muka yanke mu jera duk abin da muka mallaka, ɗaya bayan ɗaya, da sanyin murya, ita ta faɗi ɗaya ni in faɗi ɗaya. A tunaninmu in dai ta yi tsawo ta yi ladabi.

Muka yi wanka, muka ɗaura zannuwan salla, Kaka Dije ta ba mu cuku da ƙwan zabi mu kai. Muka sami matar a bayan gidan ma'aikata, tana tsugune tana dasa wani ganye a ƙasar da kowa ya san ba ta fid da komai sai tsakuwa. Muka zube a gabanta, zankaɗa-zankaɗan 'yan mata biyu, kai a sunkuye, muka fara. Abin da ya shiga kunnenta, kamar yadda ta kwaikwaya mana daga baya, shi ne: Inna, ɗauke ni. Ina jin yunwa. Ci shinkafa. Ciwo, ciwo. Yi barci, ɗiyata. Inna.

Matar ta saki abin da ke hannunta. Ta fara dariya, ta rufe baki da bayan hannu, dariyar ta ƙi tsayawa har ta zauna daɓas cikin taɓo. Ni kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Da na saci kallo sai na ga dariyar ta koma kuka. Ta kama fuskar Yaya da hannuwanta duk laka, tana ta zuba magana, ba mu ji ko ɗaya ba. Allah kaɗai ya san rabonta da jin harshenta a bakin wani, sai ga shi ya fito daga bakin yaran Adar, kuma maganar goye.

Madam muke kiranta, duk gari ma haka, don sunanta ya fi ƙarfin bakin Tawa. Ta ce mu riƙa zuwa ran Alhamis da ba lakwal, da yammacin Lahadi. Ba ta karɓi komai ba, mu dai mukan ja mata ruwa mu shayar da lambun, kuma wanda ya san zurfin rijiyoyin garin nan ya san ba mu ci banza ba. Da guntun Faransanci da Hausar kasuwa take yi mana bayani, inda suka ƙare ta ƙarasa da hannu. Gaisuwa ta fara koya mana, ranar kuwa muka ga wahalar banzan da muka sha. Kalma biyu ce tak, a harɗe hannuwa a ƙirji, a ɗan sunkuya, an gama. Na ce wa Yaya lalle dangin uwarki ba su da lokacin ɓatawa.

Rakiya ta gaya mani a makonsu na farko an koya musu gaisuwa, da ƙirga, da yadda ake miƙa wa babba abu da hannu biyu. Na yi dariya na ce ashe jami'ar taku ba ta wuce bayan gidan anfirmiye ba, mu ma da haka muka fara. Madam ta feƙe mana tsinkayen cin abinci biyu-biyu daga reshen geza, ta zuba mana shinkafa fara sol, ba mai ba gishiri, abin da a gidanmu sai da salla ake gani. Ta koya mana ba a kai loma baki sai an gayyaci manyan da ke wurin, kowa da sunansa. Ba a kafa tsinken a tsaye cikin kwano, wannan na matattu ne. Akwai kuma wani ruwan kifi da take tsimawa cikin tulu a rana, wanda warinsa ya sa maƙwabta suka kai ƙara wurin mijinta. Ranar da Yaya ta fara shaƙarsa ta tsaya cik ta ce ta san wannan. Ni dai daddawa ta fi mani, amma na ci, don ba na barin shinkafa a kwano.

Cikin sanyin shekarar ne sabuwar shekararsu ta kama. Madam ta share gida tas tun jajibiri, ta ɓoye tsintsiya, ta roƙi Yaya ta zo da sassafe ta zama ƙafar farko da za ta taka ƙofar, don a wurinsu wanda ya fara shiga gida ranar shi ke shigo da arzikin shekara. Har mijin aka tsare a ciki aka hana shi fita ya dawo. Yaya ta shiga da ƙafar dama tana bismilla, Madam ta tarbe ta da hannu biyu. Ban taɓa ganin 'yar'uwata tana walwala kamar ranar ba, kuma na ji kishi, ba zan ɓoye ba.

A karatu kuwa na fi ta kai. Ba yabon kai ba ne, ni bakina ba shi da abin da yake tsaro, yadda Madam ta faɗa haka nake kwaikwaya. Yaya tana da nata tun tuni, kuma nan matsalar take. Madam 'yar arewacin ƙasar ce, ta ce daga jin kalmomin Yaya uwarta 'yar kudu ce, kuma yadda Bakano ke jin Hausarmu ya ce a gyara, haka ita ma take ji. Ga shekarun da kalmomin suka yi suna gogayya da Hausa a bakin yarinya har suka lanƙwashe. Madam mace ce mai son abu ya fita daidai. Sai ta sa Yaya ta yi ta maimaita kalma ɗaya, ta kama haɓarta, ta faɗa mata a kunne, ta sake faɗa, har sai ta fito yadda take so. Da ƙauna take yi, wannan ba na shakka. Takan ce in kin je can da wannan bakin dariya za a yi miki.

Haka muka yi ta yi har sanyi ya wuce zafi ya shigo. Wata safiya muna dakan gero, turmi ɗaya ni da ita, sai na ji taɓaryarta ba ta sauko ba. Na ɗaga kai na gan ta tsaye, taɓarya a sama, ido a buɗe.

"Sa'a," ta ce, "na yi kiranta, sai Madam tak karɓa."

Na ce, "Mi kika hwaɗi haka, Yaya?"

"An kom ɗin nan. Kullum in na hwaɗe shi innata nika ji. Yau na hwaɗi, na sake hwaɗi, muryam Madam ɗai ta. Na bi sauran, rabi dut sun koma nata."

Duk kalmar da Madam ta gyara mata, ta gyaru, amma ta dawo da muryar mai gyaran. Waɗanda ba a kai ga taɓawa ba ne kaɗai suka rage da muryar uwarta. Ta jingine taɓarya ta shiga ɗaki, ni na ƙarasa dakan. Da Alhamis ta zo ta ce ba ta zuwa, Lahadi ma haka.

Na yi fushi, kuma fushina bai rasa dalili ba. Shekara da shekaru tana zane mani ƙauri saboda ranar da za ta yi magana da uwarta, ga Allah ya kawo malama har cikin gari, sai ta ce ta fasa? Na tsare ta a bayan rumbun nan na ce da wane baki za ki gaishe ta in kun haɗu, da ɗauke ni da ina jin yunwa? Ba ta ɗaga murya ba, abin da ba halinta ba ne.

"In munka gamu, da su za ta gane ni," ta ce. "In ba mu gamu ba, su ɗai gare ni."

Kaka Dije ta fi ni zafi. A wurinta, baƙuwa ta karɓe ka ta ciyar da kai sannan ka ɗauke ƙafa ba sallama, wannan zubar da mutuncin gida ne. Ta kai maganar gaban Baba Sarjan yana zaune a zaure kusa da rediyonsa. Lokacin yaƙi ya sake tashi a can, rediyo na yawan kawo sunayen garuruwan da aka yi wa ruwan wuta, shi kuwa da an fara sai ya miƙa hannu ya kashe. Aka kira Yaya, ta durƙusa ta faɗi dalilinta, da ƙyar ake jin ta. Baba Sarjan ya juya wajen Kaka Dije.

"Inna, ku bar ta," ya ce. "Ni tun cikin jirgin ruwa muryat tab ɓace min. Hal yau ina biɗa, ban samu ba."

Ban taɓa jin ya ambaci matar ba sai ranar, ban kuma sake ji ba har ya rasu. Kaka Dije ta ja mayafinta ta koma cikin gida, ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Na ci gaba da zuwa ni kaɗai. Madam ta ɗauka wani laifi ta yi, kullum sai ta leƙa bayana ko Yaya na tafe. Da na ga abin na cin ta, sai na yi mata bayani da ɗan Faransancina na lakwal. Ta ci gaba da cire ciyawa har na zaci ba ta gane ba. Da zan tafi ta ba ni saƙo, ta ce in gaya wa Yaya ta dawo lambu, ta yi alkawari ba za ta ƙara yi mata ko kalma ɗaya ba sai da Hausa. Haka kuwa aka yi, kuma ta cika. Sai ka gan su tsugune cikin salati, mace da yarinyar da ta ɗauka kamar ɗiya, suna ta fama da Hausar kasuwa, in Madam ta ji wata kalmar za ta kuɓuce mata sai ta cije leɓe. Shekara ba ta zagayo ba aka yi wa mijin canjin wurin aiki, kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ya kwashe su, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Aikin lambun nan shi ya riƙe Yaya har ƙarshen rayuwarta. Ta yi aure a Barmu. Mijinta irin mazan Adar ne, rabin shekara yana Abijan cirani, da salati da kabejin da take nomawa a bakin fadama ta tsaya wa 'ya'yanta har suka gama lakwal. Da ya rasu ta dawo Tawa muka ci gaba daga inda muka tsaya, ita da faɗa ni da amsa. Har ta tsufa ba ta miƙa wa kowa abu da hannu ɗaya, ko da yaro ne. Ba ta je Biyetnam ba, uwarta ba ta zo ba, ba mu taɓa sanin ko ta tsira daga yaƙin ba. Shi ya sa ba ta taɓa yi mata sadakar mamaci ba, in tana addu'a sai ta ce Allah ya dube ta inda take, bisa ƙasa ko ƙarƙashinta. Da shinkafar waje ta cika kasuwa, wata rana wani jikanta ya karanta rubutun buhu ya ce daga Biyetnam take. Ta sa aka sayo, ta dafa fara ba mai, ta ci a hankali, ta ce ba ta kai ta Madam ba. Buhun kuwa ta wanke ta ninke, ta hana a zuba gawayi a ciki.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Tawan da ta bari ma ta sake. 'Yan kabu-kabu sun hana jakai hanya, har jami'a gare mu, inda Madam ta yi lambu an zuba siminti an jera shaguna. Da Rakiya ta zo hutun bara ta nuna mani yadda za ka yi wa salula magana, wata mata a ciki ta mayar maka da kowane harshe nan take, ba gajiya ba ƙosawa. Na san tambayar da Yaya za ta fara yi, wannan ɗiyar wa ce, kuma wa ya bar ta tana yi wa kowa magana ba gaisuwa. In ta gama tsiyarta, ina jin murna za ta yi da karatun Rakiya. Ba ta taɓa ƙin harshen ba. Ta so wani jininta ya iya shi tsaf, ya je can ya tambayi hanya, ya zauna ya ci abinci da mutane ba a yi masa dariya ba. Ita ce dai abin ya zo mata da tsada. Rakiya ba ta da muryar da za ta rasa, saboda haka ta koya da duk ƙarfinta.

Amma ni shekaru da yawa ban yarda da abin da Yaya ta yi ba. Aikin yaƙi da jahilci na yi, na ƙare ƙuruciyata ina bin ƙauyuka daga Takanamat zuwa Kalfu, ina gaya wa mata kada su ji tsoron gyara, gyara ba ya rage wa mutum komai. Ina ganin da ta daure, da ta samu harshe sukutum a madadin 'yan kalmomin goye. Mun sha yin wannan gardama har da furfura a kanmu. Takan saurare ni har in gama, sannan ta ce ke dai Sa'a faɗi gaskiya, shinkafar ce ta yi miki daɗi.

Makon jiya Rakiya ta sake kira. Ta ce ta shirya, in faɗa a hankali, za ta ɗauki muryata ta kai wa malamarsu. Na gyara zama a kan tabarma. Abin da Madam ta koya mani, ƙirga da sunayen ganye da sauransu, duk ya bi iska sai ɗai-ɗai. Na bayan rumbu ne suka zauna daram, amma rabona da furta su tun Yaya na da rai. Na yi gyaran murya na ce kon oi.

Ba muryata na ji ba. Yaya ce, tana yarinya, da 'yar dusasshiyar muryarta da yadda take jan ƙarshen kalma ta hanci. Tun rasuwarta nake neman muryar nan. Nakan zauna in ce bari in tuna yadda take kiran sunana daga bakin ƙofa, ko dariyarta, sai in tuna maganar amma ba sautin ba, kuma lokacinta ba wanda ya yi dabarar ɗaukarta a na'ura. Ashe tana nan ajiye inda ban duba ba. Na faɗi ta biyu, na faɗi ta uku, tana nan cikin kowace. Hawaye suka zubo mani, na bar su.

"Kaka, dakanta kaɗan," in ji Rakiya. "Wagga ba haka aka hwaɗinta ba. Malamammu ta ce sai murya ta sauka ƙasa. Bari in hwaɗa miki daidai ki ji."

Na fizge salular daga kunnena na kife ta a cinya. Ina jin 'yar muryarta na fita ta cikin zane, na yi ta tari da gangan don kada kalmar ta shiga kunnena. Sai da ta yi shiru na ɗauka.

"Rakiya, koyi naki wurin malamakki, ki iya shi ƙwarai, ki tahi can ki gaishe su. Wanga kuwa ɗauka in kina so, kai ma wadda kinka ga dama. Amma kak ki maido min da gyaran."

"Kaka, ai kuskure na."

"Na sani, ɗiyata. Bar min shi hakanan."

In yau aka tambaye ni abin da ya rage na Yaya Hadiza, ba ni da abu mai yawa da zan nuna. Lambunta na Barmu ya koma hannun wasu. Zannuwanta an raba tun sadakar arba'in. 'Ya'yanta na Yamai da Abijan, sai salla muke ganinsu. Sai kuma 'yan kalmomin nan karkatattu, waɗanda ba za su ci jarrabawa a kowace jami'a ba, da suka fito daga bakin matar da ba mu san kabarinta ba, suka bi ta bakin ɗiyarta, yanzu suna bakin tsohuwar da ita ma tafiya ta matso mata. Kewarta nake ji bana fiye da kowace shekara, amma bana ina da inda zan same ta. Allah ya ji ƙanta, ya sanyaya makwancinta, ya yafe mata da mu baki ɗaya.

Ranar Rakiya ta ɗauki kalmomin duka, da kuskurensu da tarin da na yi a tsakiya. Jiya da muka gaisa ta ce har yanzu ba ta kai wa malamar ba. Ban tambaye ta dalili ba.